Kebul ɗin da Baba Bitrus ya binne a Karshi

Shekara takwas ke nan da rasuwar Baba Bitrus. Ba na buƙatar kalanda, domin 'yata Hauwa tana da kwana goma sha tara a duniya aka bugo mini waya cewa tirela ta bi ta kan motar da ya shiga a hanyar Nyanya. Sai bana na iya yin rubutu a kansa, kuma zan faɗi dalili ko da ba zai yi mini daɗi ba.

Kamfanin aikin lantarki ne ya haɗa mu. Ni ce mai digiri, ina lissafi a ofis, shi kuma yana binne abin da na lissafa. Gajeren mutum ne daga Filato, ya soma jan kebul a Abuja tun ana sharar daji. Yana kirana Injiniya, ina kiransa Baba. Hausarsa irin ta garin nan ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa.

Yana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi a lokacin. Ba ya yarda da takarda sai ya je wurin aiki da tsakar rana, ya taka hanyar kebul da ƙafarsa, ya tona rami, ya damƙi ƙasar ya matse a hannu. In ta dunƙule, ya gyaɗa kai. In ta watse, ya yi tsaki. Na taɓa ce masa wannan ai aikin manomi ne. Ya ce kebul zufa yake yi in ya ɗauki wuta, kuma busasshiyar ƙasa ba ta shan zafi. Na yi dariya, alhali abin yana cikin littafin da na ci jarrabawa da shi.

Aikinmu na ƙarshe tare a wata masana'antar gyaran shinkafa ne a Karshi. Za a jawo babbar wuta, mai kilobolt goma sha ɗaya, daga bakin titi zuwa allon da ke rarraba ta a cikin masana'antar. Ina da cikin wata tara, ƙafafuna a kumbure, na yi lissafin a gaggauce na rubuta kebul mai lambar kauri talatin da biyar. Na miƙa wa Baba na tafi asibiti. Ya gama aikin, ya sa hannu a takardar kammalawa, bayan kwana huɗu ya rasu.

Da na dawo daga jego ina jera takardu, sai idona ya faɗa kan lissafin nan. Ashe na ɗauko adadin wutar da kebul ke iya ɗauka ne daga shafin wanda aka rataya a iska, alhali namu cikin bututu yake a ƙarƙashin ƙasa, maƙale da wasu biyu. Ban rage komai daga adadin ba saboda zafin ƙasa, ban rage ba saboda cunkoso. Irin wannan kebul ba ya ƙonewa rana ɗaya. Dahuwa yake yi a hankali har robar jikinsa ta gaji, sannan ya fashe, ga buhunan shinkafa, ga ƙaiƙayi, ga mutane suna aiki. Kuma in hakan ta faru, sunan Baba Bitrus ne a takarda, shi da ba shi da bakin kare kansa.

Na yi shiru. Tsoro ne, ba wani abu ba, ba zan yi masa ado ba. Na ce sai wata mai zuwa, wata ya zama shekara, kamfaninmu ma ya watse. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to haka na zauna. Duk bazara in na ji labarin gobara a rediyo, sai na tsaya cak in ji ko za a ce Karshi. Nakan haɗu da matar Baba, Mama Rifkatu, ta rungume ni tana ce mini 'yar Baba, ni kuwa in rasa inda zan sa idona.

Bana na ji mai masana'antar, wani dattijo da kowa ke kira Alhaji, zai ƙara injuna biyu a kan wutar nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na hau mota na same shi, na faɗa masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

"Wane talatin da biyar kuma? Ai ke kika aiko a canza. Bitrus ya zo nan ya yi ta murza ƙasa, washegari ya dawo ya ce, 'Injiniya ya sake duba lissafinsa daga asibiti, ya ce a sa mai saba'in.' Har na ce wannan mata da naƙuda ma ba ta hana ta aiki."

Ban yarda ba sai da aka kashe wuta ran Lahadi aka tona. Na durƙusa na goge ƙasa da gefen mayafina, ga saba'in nan ɓaro-ɓaro a jikin kebul. Baba ya kuma raba bututun nan uku, kowanne da tazararsa. Na zauna daɓas a bakin ramin na yi kuka, ma'aikata suna tsammanin wani abin ya lalace. Wallahi ranar na ci abinci na ji ɗanɗanonsa.

Ina yawan tunanin me Baba zai ce da ya ga yau. Yaran da nake koya wa aiki waya suke latsawa ta ba su kaurin kebul cikin ƙiftawar ido, kuma ba laifi, wayar ba ta kuskuren shafi kamar ni. Amma ba ta san mai gida zai ƙara inji baɗi ba, ba ta san a kasuwa akwai kebul mai lambar saba'in da tagullar hamsin a ciki ba. Na san tsaki zai yi, ya ce a ba shi diga. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Baba bai bar gida a Maitama ba, babu titi mai sunansa. Abin da ya bari yana ƙarƙashin ƙasa inda ba mai gani, yana aiki shiru shekara takwas. Na gaya wa Alhaji gaskiyar wanda ya canza kebul ɗin, na je na gaya wa Mama Rifkatu, yau kuma na gaya muku. Baba ya ga kuskurena ya gyara, ya ce ni na gyara. Ni na san sunansa na cikin haɗari na kama bakina. Allah Ya ji ƙan Baba Bitrus. Yanzu duk aikin da aka ba ni, da tsakar rana nake zuwa, in tsuguna in damƙi ƙasa, yaran suna yi mini dariya.