Matar da ta goge maduban injin

Tsohon malamin makaranta yana tsaye a shagon gyara, ransa a jagule. Ɗan injinsa mai yanka da hasken leza ya daina yanka katako, sai dai ya babbake samansa. Ga jikarsa mai raunin gani tana jiran haruffan da ya yi alkawarin yanka mata, ta riƙa koyo da shafawa. Mai gyara kuwa ya fita.

Wata siririyar mata da tabon ƙuna a hannu tana zaune a benci, tana jiran dutsen gugarta. Ta taso ta leƙa cikin injin.

"Baba, yaushe rabonka da goge madubansa?"

"Au, ana gogewa?"

Ta yi dariya, ta jiƙa auduga da sifirit ɗin shagon, tana share baƙin hayaƙin a hankali kamar mai wanke idon jariri. Yana kallon hannun, yana ayyana ko allunan talla take yankawa, ko kuwa ta daɗe tana jinyar wani a gida.

Suka kunna. Harafin farko ya faɗo sumul.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

"Amin, Baba. Miƙo tabaran nan naka, shi ma yana neman agaji."