Layin Konni da littafin yayata

Ni ne da laifi, kuma na san haka tun ranar da abin ya faru. Faɗarsa ce ta ɗauke ni fiye da shekara.

Shekarun baya yayata, wadda ke koyarwa a wata firamare nan Illela, ta fara rubuta littafin labari. Labarin wata mai tallar nono ne da ke tasowa daga wajen Amarawa zuwa kasuwa, kuma yawancinsa daga bakin mahaifiyarmu ta ɗauko shi. Da ta sayi tsohuwar kwamfuta, sai ta kira ni in zaɓa mata manhajar rubutu ta kyauta. Ni kuwa lokacin ina gyaran waya bakin tasha, ina jin kaina kamar ni na ƙera intanet.

Wani malamin makarantarsu ya riga ya nuna mata wata manhaja da ke aiki ko babu sabis, tana ajiye komai cikin kwamfutar. Na yi dariya na ce wannan ta tsofaffi ce. Na kawo mata wadda ake rubutu a intanet, tana ajiye rubutun da kanta.

Ta ce, "Auta, ni dai abin da nika so, in buɗe in ga abina."

Na ce, "Yaya, ko kwamfutar ta faɗa rijiya, littafinki yana nan."

Wajen rajista aka nemi lambar waya. Ranar layinmu na Najeriya babu sabis, sai na sa layina na Nijar, wanda nake kiran masu kayan gyara na Konni da shi. Na ƙirƙiri kalmar sirri a tsaye, ban rubuta ta ko'ina ba, ban kuma gaya mata lambar da na sa ba.

Shekara biyu tana rubutu. Duk babin da ta gama sai ta karanta wa mahaifiyarmu, ita kuma ta gyara mata: ba haka ake ɗaura faifai a kan ƙwarya ba, ba haka Bafulatana ke amsa gaisuwa ba. Mahaifiyarmu ta rasu saura babi uku a gama.

A tsakanin nan aka rufe iyaka, na daina shiga Konni, na jefa layin cikin gwangwanin kusoshi. Watanni ban sa masa kati ba. Sai kwamfutar yayata ta lalace, aka gyara, aka goge komai. Da muka zo shiga, aka nemi kalmar sirri. Na gwada duk abin da na tuna, bai yi ba. Aka ce an tura lamba zuwa layin da aka yi rajista da shi. 

Na fita, na je na tono layin daga gwangwanin na sa a waya. Ya mutu. Na kira lambar, sai wani dattijo ya ɗauka, don an riga an sayar masa da ita. Na roƙe shi ya karanta mini saƙon da ya shigo.

Ya ce, "Lamba? Ku ne 'yan damfaran da aka ce mu yi hattara da ku. Ka ji tsoron Allah, yaro." Ya kashe. Na kira har sau biyar, ya toshe ni. Ban ga laifinsa ba.

Na koma ciki, yayata ta ɗago kai ta ce, "Mi ya faru?"

Na ce, "Ai na ba ki kalmar sirrin tun ranar. Ke kika manta."

Ta ce, "Haka ne, ƙila. Yi haƙuri, na wahalshe ka."

Wannan haƙurin da ta ba ni shi ya fi komai ci mini rai. Ta rufe kwamfutar ta sa ƙarƙashin gado. In aka tambaye ta littafi sai ta ce sakacinta ya cinye shi. Ni kuma ina zaune ina cin tuwon gidanta.

Yau in wani ya zo shagona neman manhajar rubutu, nakan fara tambayarsa yadda yake aiki kafin in buɗe baki, kuma ba ya tashi sai ya rubuta lamba da kalmar sirri da hannunsa. Yayata ta koma rubutu da waccan manhajar da na raina, tana kwafewa a filashi biyu. Amma gyare-gyaren mahaifiyarmu ba su dawo ba, sai abin da ta iya tunawa.

Ba ta koma rubutun ba sai bayan wata Juma'a da na same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na ajiye mataccen layin a bakin tabarma. Ta dube shi, ta dube ni.

Na durƙusa na ce, "Yaya, ba ki manta komai ba, don ban taɓa ba ki kalmar ba. Wanga layi na sa, ni na bar shi ya mutu, na kuma ɗora miki. Na ɓatar miki da maganar Inna, na bar ki kina zargin kanki. Ki yafe mini, don Allah."