Hantar Layya da Idon Yayana

A duk Ƙofar Dumi babu wanda bai san labarin cikina ba. Ni ne mai cewa ko ƙusa na haɗiye, kafin la'asar ta zama kunu. Ruwan rijiya ba tacewa, latas daga lambu ba wanki, nama kuwa ko daga nesa ya hango wuta ya dahu a wurina. Masu yawan wanke hannu kallon ragwaye nake musu, likitoci kuma na ɗauke su 'yan tsorata jama'a.

Yayana yana zuwa wankin ƙoda. Likitarsa ta kafa masa doka: kada ya ci naman da bai dahu ba, a wanke masa ganye sosai, a raba shi da kashin kyanwa. Wai akwai wata ƙwayar cuta, tokzoplasma, da mai lafiya kan ɗauka bai ma sani ba, amma tana kayar da mai raunin jiki. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce sunan ma kamar na injin niƙa. Kakanninmu da kyanwa suke kwana, wa ta kashe?

Ranar Babbar Sallah, kamar yadda muka saba, hantar rago ake fara gasawa a buɗe baki da ita. Ni na gasa, gashi irin nawa: waje ya ƙone, ciki jini. Ragon kuma a ƙauyen Miri aka yi kiwonsa, inda kyanwoyi suka mayar da wajen dusa makewayi. Na faki idon matarsa na miƙa masa a zaure, ina masa tsiya wai mata biyu, ita da likitarsa, sun mayar da shi ɗan koko. Don kunyata ya ci.

Bayan 'yan makonni sai zazzaɓi, sai kaluluwa a wuya, sai idon hagu ya fara hazo. Gwaji ya nuna cutar nan da na yi wa dariya. An tsira da rai, alhamdu lillahi, amma idon bai dawo ba. Likita ta ce ba za ta rantse daga ina ya ɗauka ba. Ni dai na san abin da na miƙa masa.

Jama'a, mai wankin ƙoda ba abokin gwada ƙarfin ciki ba ne. Ku dafa nama ya dahu, ku wanke ganye, kuma in wawa irina ya zo da dariyarsa, ku nuna masa ƙofa.

Da na je ba shi haƙuri, bakin nan nawa ya fara da cewa ai ni ma na ci, ko ciwon kai ban yi ba. Ya juyo da idonsa mai gani, ya ce ai ungulu ma tana cin mushe ta tashi lafiya, amma ba a taɓa kiranta jaruma ba.