Ƙwan Argiro

Shekara arba'in Argiro tana kiwon kaji a ƙauyensu na kan dutse a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, kuma ba ta taɓa bari ƙwai ɗaya ya lalace a hannunta ba. A gidan da ta tashi, yara shida ke raba ƙwai biyu, abin kuwa bai sake ta ba har tsufa.

Da ƙawarta Pelagiya ke jinyar ajali, ta kama hannunta ta ce ta kula mata da cikin Manusos, kada ya zauna da yunwa. Shi ne ɗan Pelagiya tilo, mai sana'ar zanen hoto, dogo, ramamme, wanda ya dawo daga birnin Atina ya tare a tsohon ɗakin matsar zaitun. Tun daga nan kullum safiya Argiro kan ajiye masa ƙwai shida a ƙofa. Wata takwas ana haka, ko kumatu bai yi ba.

Ran nan ta tarar da ƙofar a buɗe, ta shiga. Wari ne ya fara tarbarta, fatar zomo ce ke dahuwa a tukunya, wai manne yake haɗawa. Jikin bango ga ƙaton allo da zanen da yake yi: wani jarumin tsoffin waƙoƙi yana kokawa da Mutuwa a masussuka. Manusos na tsugune, ya fasa ƙwanta yana juya gwaiduwar a tafin hannu. Ya tsiyaye ta cikin kofi, ya ɗiga ruwan tsami, ya dama da jar ƙasa. Farin ƙwan kuwa ya watsa a wani bokiti da ƙudaje suka rufe.

Ta tambaye shi nawa yake ci cikin shidan. Ya sosa ƙeya, ya ce wataran ɗaya. Sai ya shiga bayani, wai haka masu zanen coci ke yi tun zamanin da, launin kan shekara dubu bai dushe ba.

"Goggo, dubi ƙirjin jarumin nan. Aikin kajinki ne fa."

"Na gani. Shi ya murje, kai ka koma tsinke." Ta toshe hanci da bakin gyalenta. "Cikinka uwarka ta ba ni amana, ba allo ba."

Ta fita tana tofar da yawu.

Washegari ƙwai shida na ƙofa kamar kullum. Manusos ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a bakin kofi, bai zubo ba. Duk shidan dafaffu ne, ga ɗan gishiri ƙulle a takarda. Argiro na zaune a dakalin da ke kallon ƙofar, ta ce ba inda za ta sai ta ga ya cinye, saura ɓawo.