Ɗigon da Malam Ya Kira Sifiri

Abin da na fara gani ranar da aka kawo ni gidan Gwaggo a Maska shi ne faifai cike da yashi a zaure, an yi masa 'yan ramuka da yatsa. Shekarata tara. Wata biyu kafin nan mahara suka faɗa wa ƙauyenmu kusa da Tsiga, suka tafi da Yaya daga bakin rijiya. Guganta kaɗai aka tarar, igiyar ba ta ma bushe ba.

Mijin Gwaggo malami ne. Bayan karatun allo yakan koya wa manyan ɗalibai hisabi a kan yashin nan, ni kuwa ina raɓe bayan ƙyaure. Na lura idan ya rubuta ɗaya, ya dangwala yatsa a damanta, sai su ce goma. Ranar da ya kama ni ina leƙe bai kore ni ba. Ya ce ɗigon nan sunansa sifiri, wato wofi da Larabci, kamar gidan da masu shi suka tashi. Larabawa sun karɓo shi daga mutanen Hindu. Wani falke Balarabe kuma ya gaya masa a Kano cewa Nasara sun haye teku da kalmar, harshensu ya tauna ta har ta koma ziro.

Na tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, don me ake rubuta abin da babu.

"Don kada wani ya zauna a wurinsa, 'yar nan," in ji shi. "Ki share shi, goma ta koma ɗaya."

Da kaka Baba ya zo. Ina wanke tukwane na ji yana gaya wa Gwaggo rumbu ya cika bana, zai zuba ragowar dawa a ɗakin da muke kwana ni da Yaya. Ya ce har yanzu Inna tana share ɗakin kowace safiya, tana fitowa ta ce tabarmar Yaya da ɗumi. Shi yana so abin ya ƙare. Gwaggo ta ce gaskiyarsa.

A bangon ɗakin nan akwai wata tsaga inda Yaya take soke tsinken kitsonta. Yana nan ranar da na taho, ban taɓa shi ba.

Tun da nake ban taɓa fara yi wa Baba magana ba. Yana ɗora wa jakinsa mangala na zo na durƙusa, hannuwana duk toka.

"Baba, don Allah a bar ɗakin yadda yake. Ko zuwa wata kakar."