Gajerun Awakin Yaya Saratu

Bana shekara bakwai ke nan da muka binne yayata Saratu, kuma har yau ban faɗi abin da ya kamata in faɗa a bakin kabarinta ba.

Daga Kudancin Kaduna muka zo. Ni ina koyarwa a wata firamare kusa da Kabo, ita kuma tana sayar da kayan miya a Gwarzo tun bayan rasuwar mijinta. Can ƙuryar gidanta tana kiwon aladu, kamar wasu gidaje biyar na cocinmu. Maƙwabtanmu Musulmi sun sani, sun kau da kai. Mu ma don kara ba ma kiran sunan dabbar a waje, sai mu ce "gajerun awaki". Saratu ce ta ƙirƙiro sunan, don mace ce mai barkwanci.

Wata damina aladunta biyu suka daina cin dusa. Jikinsu ya yi zafi, kunnuwa da ciki suka yi ja. Ta aike ni wurin malamin dabbobi. Na tarar da shi zaune cikin makiyaya, har da iyayen ɗalibaina. Muka gaisa, aka tambayi iyali da aiki da ruwan bana, sannan ya ce me ke tafe da ni. Kunya ta kama ni. Na ce awakinmu ne ba lafiya, ban ko saka "gajeru" ba. Bawan Allah ya yi tambayoyinsa na awaki, na amsa da ka, ya ba ni maganin awaki. Na koma na ce wa Yaya malam ya ce abin ba komai ba ne.

Da wannan maganar tawa ta ba wani ɗan cocinmu na wajen Getso aron namijin aladenta don barbara. Da maganar nan dai kuma ta sa aka yanka wanda ya fi jin jiki, ta rarraba naman gida-gida kamar yadda muka saba. Kowace mace ta wanke nama, ta juye ruwan a kwanon aladunta. Ashe zazzaɓin aladu ne, wanda ƙwayar cutarsa ke bin jini da nama da takalmin mai shiga ɗakinsu. Ba ya kama mutum, ba shi kuma da magani. Abin yi kawai shi ne a killace, a binne da zurfi. Kafin wata ya cika babu alade ko ɗaya a gidajen nan shida.

Da wari ya kai ga hukuma, malamin dabbobin nan ya zo da kansa. Ya gane ni, na ga haka a idonsa. A gaban kowa ya tambayi Saratu me ya hana ta aikowa tun farko. Ta dube ni, ni mai aikin gwamnati da ƙananan yara, ta ce, "Ban aiki kowa ba, Malam. Laifina ne."

Daga ranar aka ce ta san dabbar na mutuwa ta raba wa mutane. A bikin coci tukunyarta kan koma gida a cike. Barkwancin ya ƙare, hawan jini ya shigo, shekara guda ta yi bayan haka ta rasu. Ni kuwa ina nan ina koya wa yara faɗin gaskiya.

Yau da alade ya yi atishawa a Filato, saƙon gargaɗi ya iso wayoyinmu kafin azahar. Matasanmu na ajiye ruwan magani a ƙofar ɗakin aladu, ba sa barin baƙo ya leƙa. Da Saratu na nan da ta tsokane su, ta ce saura su saya wa dabbar sabulun wanka. Amma da ta ji daɗi, don yanzu suna zuwa ofis su kira abin da sunansa, ba wanda ya cinye su.

Me ya rage nata? Ɗakin aladun ya rushe, an shuka kuɓewa a wurin. Haƙurinta ba wanda ya san shi sai ni. Abin da ya rage a bakin mutane shi ne baƙin sunan. A watan jiya dangin saurayin 'yarta Rifkatu suka zo tambaya, wata tsohuwa a cikinsu ta ce, ba uwarta ce ta raba mushe ba? Yarinyar ta sunkuyar da kai, ni kuma ina zaune a matsayin uba.

Shi ya sa na rubuta wannan, don su karanta. Saratu ta aika wurin malamin dabbobi tun ranar farko. Ni ta aika.