Katin da Ya Fi na Auta

Kar-ka-motsa ake ce masa a unguwa, don tun yana saurayi mai ɗaukar hoto ne, kuma kafin ya danna kyamara sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kar ka motsa!" Har gawa aka ce zai iya gaya wa haka. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai walda da mai sayar da katifa. A ciki akwai labule mai zanen teku, da kujerar roba wadda rabin mutanen unguwar suka taɓa zama a kanta suna murmushin dole.

Da waya ta shiga hannun kowa, hoto ya ja baya, sai ya koma bidiyo: yaye ɗalibai, buɗe sabon shago, taron ƙungiyar direbobi. Da wata tsohuwar laftof yake tace aikin, wadda in ta ɗau zafi sai ya ɗora ta a kan bulo biyu, ya juyo mata fanka, shi kuma ya zauna yana gumi.

Duk wannan bai taɓa damunsa ba, sai da Auta ya buɗe ofis a tsallaken titi. Auta ƙanen matarsa ne. A hannun Kar-ka-motsa ya koyi riƙe kyamara, shi ya hana shi yanke wa mutane kai a hoto. Yanzu ga shi a saman bene, da kwamfuta mai gefen gilashi, fankokinta na juyawa da fitilu kala-kala. Daga ƙofar shagonsa Kar-ka-motsa yana hango hasken ta taga, yana kuma ganin masu hawa benen, cikinsu har da waɗanda shi ya ɗauki hotonsu suna cikin zanen goyo.

Ranar da matarsa ta je ganin ofishin, ta dawo bakinta bai rufu ba.

"Baban yara, ka ga abin nan kuwa? Kafin ka ƙifta ido ya gama aiki. Ko ƙara ba ya yi."

"Fitila ce ke tace bidiyo?" ya ce, bai ɗago ba.

"Ni dai na ga abin da na gani."

Wadda ta ƙarasa shi ita ce babbar 'yarsa. An ba su aikin bidiyo a makaranta, ta wuce shagon ubanta ta haye wurin kawunta. Da ya tambaye ta, ta ce, "Baba, taka sai ta yi ta tunani." Ya yi dariya tare da kowa.

Satin nan ya sayar da babur ɗinsa, ya nufi layin masu kayan kwamfuta, wurin wani da ake kira Injiniya, mai shago cike da wayoyi da ƙurar tsofaffin injuna. Kar-ka-motsa ya ce shi ba haɗaɗɗiyar kwamfuta yake so ba, kaya zai zaɓa ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da hannunsa.

"Madalla," in ji Injiniya. "Wane irin bidiyo kake tacewa? Mai tsawo ne? Kyamara nawa?"

"Wannan yaron na saman bene, a nan ya sayi tasa?"

"A nan ne."

"Me da me ke ciki?"

Injiniya ya dube shi ta saman tabarau, ya gane inda aka dosa. Ya jawo kujera ya yi masa bayani a hankali. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwa, matsakaiciya ta ishe shi. Ram kamar faɗin tebur ne, in ya yi kaɗan aiki sai ya riƙa zubewa, don haka nan ya kamata ya saki hannu. Sai ma'ajiya mai sauri, don bidiyo ya riƙa buɗewa ba jira. Katin hoto kuwa, wanda ke ɗaukar nauyin nuna bidiyon, na tsakiya ma ya yi masa yawa.

Kar-ka-motsa ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Nasa katin wanne ne?"

Injiniya ya nuna wani kwali.

"Wancan na samansa fa?"

"Wancan ya fi shi. Amma Malam, aikinka bai kai nan ba. Kamar ka sayi tirela ne don kai yara makaranta."

"Sauko da shi."

Katin ya cinye kusan duk abin da babur ya kawo. Dole aka rage ram, aka ɗauko wani tsohon akwati na ƙarfe, ba gilashi ba fitila. A kan fitilun nan ya fi jin ciwo, har ya koma ya sake tambayar ko akwai masu araha. Wurin fawa, wato abin da ke raba wa kayan wuta, nan ne Injiniya ya kafe. Ya ce ba zai sayar masa da ƙarama ta ƙone masa kati ya dawo yana zaginsa ba.

Da safiyar Asabar ya shimfiɗa kayan a falo, ya kori yara, ya sa bidiyon koyarwa a waya. Komai ya tafi daidai har aka zo kan katin. Ya juya shi ta nan, ya juya ta can, katin ya fi akwatin tsawo. Matarsa ta leƙo.

"In kira Auta?"

"Ki kira shi ya yi me?"

Ya ɗauki akwatin ya kai wa maƙwabcinsa mai walda, aka yanke wani ƙarfe a ciki, katin ya shiga da ƙyar. Ya dawo ya haɗa wayoyi, ya yi bisimilla ya danna. Fankoki suka juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya kwance ya sake ɗaurawa. Baƙi. Kwanaki yana wannan fama, ya rame, ya daina amsa gaisuwa da kyau, kuma ya hana a faɗa wa kowa.

Matarsa ba ta sake neman izini ba. Wata rana da la'asar sai ga Auta ya yi sallama, wai ya zo gaida yayarsa. Idonsa ya faɗa kan akwatin, ya durƙusa ya leƙa ciki, ya riƙe baki.

"Yaya! Wannan katin ka saya? Wallahi ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ni kallonsa kawai nake yi a shago."

Kar-ka-motsa ya danne murmushi. Ya gyara zama ya ce, "Haka dai, muna ɗan taɓawa."

Auta ya danna ram ɗin da babban yatsa har ya ce ƙas, ya zare wayar allo daga ramin sama ya mayar da ita jikin katin. Allo ya kawo haske. Yara suka yi ihu.

Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma Auta ya ja kujera ya zauna, ya sa manhajar tacewa, ya jawo wani tsohon bidiyon yayan nasa, yatsunsa na gudu. Nan da nan ya gyara kala, ya share hayaniyar iska, ya sa rubutu yana shigowa yana fita. Kwamfutar da ta yi kwanaki tana yi wa mai ita taurin kai, ga ta tana rawar jiki a hannun wani. Matarsa na tsaye a bayan ƙanenta tana cewa, "Kai, Auta, Allah ya yi maka albarka." Ba wanda ya tuna wa ya sayar da babur.

Bayan tafiyarsa, Kar-ka-motsa ya kwashe kwamfutar ya kai shago. Ya yi watanni yana koyon abubuwan nan shi kaɗai, in ya kakare ya gwammace ya tambayi waya da ya tsallaka titi. Yanzu a ƙafa yake zuwa aiki, kyamara a kafaɗa. Daga baya ya ƙaro ram, bai bari Injiniya ya ce komai ba.

Aikin farko da ya fitar yadda yake so na wata makarantar firamare ne. Ya kai wa shugabar da kansa, ya tsaya tana kallo. Ta kalla har ƙarshe, ta tafa hannu.

"Malam, wannan karon ka burge ni. Auta ne ya taya ka?"

Ya ce a'a, ya yi sallama a gajarce. A gida ya ture abinci gefe, ya ba matarsa labari.

"To ai yabo ne, Baban yara," ta ce.

"Yabon wa?" ya ce.